Sanyin da Aka Raba Yaya da Shi

Duk layinmu babu wanda bai san Mai Kwat ba. A garin da rana ke narkar da kwalta, maza na zaune da singileti suna fifita da kwali, shi kaɗai za ka hango da tsakar rana yana tsallaka titi cikin ƙatuwar kwat mai auduga, da hular ulu har kunne, da takalmin roba har gwiwa. Baƙo in ya gan shi sai ya ja gefe, ya ɗauka mai taɓin hankali ne. To lafiyarsa ƙalau a lokacin. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a gidan ƙanƙara da ke bayan tashar mota yake aiki.

Ni kuwa Rediyo yake kirana, wai tun da aka kunna ni ba a gano wurin kashewa ba. Ina da ɗan shago a bakin ƙofar gidan ƙanƙarar, ina sayar da lemo da ruwan sanyi. Saboda haka yadda numfashin Yaya ya kusa ƙwacewa a hannun mutanen da suka fi kowa son sa, ba labari aka ba ni ba. A gaban idona aka yi.

Tun yana saurayi ya shiga aikin, bayan rasuwar Baba, kuma bai taɓa neman wani ba. Aikin ba na rago ba ne. Ana cika dogayen gwangwanaye da ruwa, a jera su cikin tafkin ruwan gishiri mai sanyin da in ka tsoma yatsa sai ka manta kana da shi. In sun daskare a ciro su, a tsoma cikin ruwan ɗumi su saki, dutsen ƙanƙara ya sulalo kan katako, a caka masa ƙugiya a ja shi zuwa ɗakin sanyi. Ɗakin nan na Yaya ne, ko mai gidan ba ya shiga sai ya yi masa sallama. Ƙofa ce mai kauri, bayanta labulen roba, ciki kuma duwatsu jere har kusa da rufi, an bi su da buhuna da ɓarzar katako. Yakan ƙwanƙwasa dutse da bayan ƙugiya ya kasa kunne, ya ce, "Wannan bai nuna ba, cikinsa ruwa ne," ya ture shi gefe, ko mai saye na tsaye yana kumfar baki.

Ba shi da yawan magana, ni na kwashe rabonsa. Amma akwai shi da tsokana, kuma duk a kan matarsa take ƙarewa, wadda nake kira Anti. Kullum in ya taso aiki sai ya lallaɓa kicin, ya ɗora mata hannun nan mai sanyin tsiya a bayan wuya. Ta ƙwalla ihu, ta biyo shi da ludayi har tsakar gida, yana dariya har da riƙe ciki, Umma na daga ɗakinta tana cewa, "Ku dai ba ku girma, ga 'ya'yanku na kallo." Shekara da shekaru ana haka, kuma ko sau ɗaya Anti ba ta taɓa koyon juyowa kafin ya iso ba. Ni dai na ce da gangan take yi.

Da ido abin ya fara. Wata rana bayan la'asar ya fito ya zauna a bencin shagona yana shan ruwa, sai na ga fatar idonsa na hagu ta sauko ta rufe rabin ƙwayar.

Na ce, "Yaya, wa kake kashe wa ido? Wallahi zan kai ƙara wurin Anti."

Ya sa yatsa ya ɗaga fatar, ya saki, ta sake saukowa a hankali. Ya ce gajiya ce. Washegari da safe idon garau, muka manta.

Amma abin bai manta da mu ba. Ya kama idanun duka biyu. Ya kai hannu zai ɗauki kwalba ya kama iska, ya ce biyu yake gani, bai san wacce ce ta gaskiya ba. A gida in an sa nama, zai fara tauna lafiya, can sai ka ga ya tallafe haɓarsa da hannu yana taimaka mata, daga baya ya ture kwanon. In ya ɗan jima yana magana, sai muryar ta koma ta hanci, kalmomin su cakuɗe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dariyarsa. In na yi abin dariya, maimakon bakinsa ya buɗe yadda na sani, sai leɓen sama ya ɗage kawai haƙora su fito, kamar wanda ya ga abin ƙyama.

Ni da nake zaune a bakin ƙofa wuni guda, na lura da wani abu. Duk sanda ya ture labulen roban nan ya fito daga ɗakin sanyi, idanunsa a buɗe suke tar, muryarsa tasa ce. Sai ya zauna a bencina cikin zafi, kafin ya shanye ruwansa fatar idon ta fara saukowa. Na je na faɗa a gida, ina ganin na kawo abin amfani.

Umma ta tafa hannu ta ce, "Yauwa! Abin da nake faɗa ke nan. Sanyin ne ya taru a jikinsa, in ya fito sai ya taso masa."

Anti ta ce, "Shekara nawa mutum yana cikin firij kamar kifi? Dole ya shiga jijiya."

Kowa a layin haka ya ce. Mai wanki ya ce sanyi ne, mai gyaran babur ya ce sanyi ne ya kashe kawunsa, mai kemis ma ya ce sanyi ne, ya yi masa allurai, jikin ya ƙara saki. Kuma tsakani da Allah, in ka ga mutum ya ƙare ƙuruciyarsa cikin ƙanƙara sannan jijiyoyinsa suka mutu, me za ka zarga? Ba wanda zai zargi rana.

Aka zaunar da shi. Umma ta ce muddin ita ta haife shi, ƙafarsa ba za ta sake taka ɗakin nan ba. Yaya mutum ne da bai taɓa ɗaga wa Umma murya ba, ya sunkuyar da kai ya ce to. Anti ta ninke kwat ɗin da hular ta kulle a akwati, ta rataya makullin a wuyanta. Daga nan aka shiga korar sanyi ba ji ba gani. Wanka da ruwan zafi safe da rana. Kaskon gawayi a ɗaki, taga a rufe. Bargo a kafaɗa, shayi mai citta yana tururi, da hantsi kuma a fito da kujerarsa tsakar gida ya sha rana.

Kada wani ya ce mugunta ce. Na ga hannun Anti duk tabon ƙuna saboda ɗaukar tukunyar ruwan zafi. Ta daina ɗinkinta, ta rame, ita ke dama masa abinci ya yi ruwa-ruwa ta ba shi a cokali. Amma ni ina kallo mutum yana narkewa. Wuyansa ya kasa riƙe kansa. Ruwa in ya sha sai ya fito ta hanci.

Na ce, "Umma, ni fa ban ga sauƙi ba. Tun da aka fara gashin nan baya yake yi. A kai shi babban asibiti."

Ta ce, "Ciwon ne yake fita, dole ya jijjiga shi. A bari a gama gashin tukuna. Ke kuma ki rage mana ƙara."

Na yi faɗa har na gaji, na yi fushi na daina cin abincin gidan, ba wanda ya kula. Ni ba likita ba ce, lemo nake sayarwa. Abin da idona ya gani kawai nake da shi, su kuma suna da duk layin a bayansu.

Wata rana da azahar na shiga gidan ƙanƙara karɓar dutsen da zan sa wa lemona, sai direban motar rarraba ƙanƙara ya yi mini nuni da haɓa wajen ɗakin sanyi. Na ture labulen. Ga Yaya zaune kan kwandon roba da aka kife, daga shi sai 'yar riga da silifas, ya jingina da bango. Ya ce wa Anti zai je aski ne. Ya ɗago ya dube ni, kuma idanun nan a buɗe.

Ya ce, "Rediyo, rufe labulen. Kar ki faɗa a gida."

Muryar Yayana ce sak, wadda na yi makonni ban ji ba. Sai na ji hawaye, na ɓuge da masifa, na ce so yake Umma ta tsine mana mu biyu.

Ya ce, "Nan kaɗai nake jin ni ne. Bari in gaya miki tun bakina yana aiki. Ba idon ne ke ba ni tsoro ba, ba cin abincin ba. Numfashi ne. In na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini dutse guda a ƙirji, ina ja yana ƙin zuwa. A zaune nake barci yanzu. Ita tana zaton tari ne."

Na ce yau ɗin nan za mu tafi asibiti, ko sama da ƙasa za su haɗe. Ya ce a'a, ba zai tsallake maganar Umma sau biyu a rana ɗaya ba, in ba shi lokaci ya lallashe ta. Haka yake. Mutumin da zai ja dutsen da ya kusa nauyinsa ba zai iya ce wa tsohuwa a'a ba.

Anti kuwa ba a yi mata wayo. Ta ga ɓarzar katako a jiƙe a ƙasan silifas ɗinsa, kuma gashin kansa yana nan yadda yake. Ba ta yi masa magana ba, ni ta samu a shago. Na shirya za ta zage ni, sai ta zauna a benci ta fashe da kuka.

Ta ce, "Gudu na yake yi, ko? Gara ya je ya zauna cikin abin da ke kashe shi da ya zauna da ni. Ya daina kallona. In na shigo ɗaki sai ya rufe ido. In na yi masa wasa sai ya yatsine fuska kamar na kawo masa wari. Me na yi masa?"

Na ce ba haka ba ne, ciwon ne, ni ma haka yake yi mini. Ta girgiza kai ta ce ni ƙanwarsa ce, dole in kare shi. Ta share fuska ta tafi, kuma daga ranar aka fara kulle ƙofar gida da rana.

Ranar da abin ya faru an yi zafin da ban taɓa gani ba, ga wuta ta ɗauke tun safe. Wajen la'asar wayata ta yi ƙara. Anti ce, kuma kalma biyu kawai ta ce: "Ki zo." Ban rufe shago ba, ban ma san da takalmi ɗaya na fita ba.

Ɗakin kamar tanda. Kasko na ci a kusurwa, ga baho na ruwan zafi da tawul a ƙasa, ashe turara shi suka gama yi. Yaya na kan kujera, kansa ya faɗo kan ƙirji, miyau na zuba, idanu a rufe ruf. Kafaɗunsa ne kawai ke ɗagawa suna sauka da sauri-sauri, iska kuwa ba ta shiga. Leɓensa ya fara canja launi. Umma na riƙe da ƙafarsa tana addu'a, Anti na tsaye da cokali a hannu, ta rasa inda za ta ajiye shi.

Na banke taga, na ja kaskon waje da ƙafa har gawayi ya watse, na fita titi ina ihu. Maƙwabcinmu mai mota ba ya nan. Tasi ko ɗaya babu. Babur ba zai yiwu ba, mutum bai iya riƙe kansa. Can ƙarshen layi sai na hango motar ƙanƙara, direban yana sauke wa mai kifi kaya. Na ruga na kama ƙofarsa na ce, "Mai Kwat ne, zai mutu!" Bai tambaye ni komai ba, ya bar dutsen a tsakiyar titi ya yi ribas.

Gaban motar kujera ɗaya ce mai kyau, ita ma a kan inji take, ba ka iya ɗora hannu saboda zafi. Sai baya, cikin akwatin, inda duwatsu ke jere da buhuna a kai. Da direba da mai wanki suka ɗauko Yaya da kujerarsa. Anti na ganin inda suka nufa ta sha gabansu ta ware hannuwa.

"Cikin ƙanƙara? Ku ƙarasa shi ke nan! Wallahi sai dai ku bi ta kaina!"

Na ce, "Anti, ki matsa, ko ki matsa ko in matsar da ke!"

Muka tsaya muna huci, mutum na mutuwa a tsakaninmu. Sai hannun Yaya ya motsa. Da ƙyar ya ɗaga shi daga cinyarsa, ya kai ga ƙarfen ƙofar motar, ya riƙe da yatsu biyu. Umma ta gani. Ta dubi hannun, ta dubi ɗanta, ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ku sa shi. Ku tafi."

Muka zaunar da shi tsakanin duwatsu, na tallafe kansa ta baya don maƙogwaron ya miƙe, direba ya ɗaure ƙofar da igiya ya bar ta a ɗan buɗe. Anti ta cire mayafinta ta lulluɓe shi wai ta kare shi daga sanyi. Na fizge, ta mayar, na sake fizgewa. A ƙarshe ta ƙanƙame mayafin ta rufe ido tana ta salati.

Sai cunkoso. Innalillahi! A bakin gadar nan motoci sun tsaya cak, direba na danna hon yana zage-zage, ya leƙa yana roƙon mutane da Allah da Annabi. Ruwan ƙanƙara na bin ƙafafuna, haƙorana na haɗuwa, hannuna ɗaya a ƙirjin Yaya ina jiran kowane numfashi kamar ni ce zan ja masa. Wani lokaci sai ya tsaya, in ce shi ke nan, sai ya sake zuwa. Ban san tsawon lokacin da muka yi a wurin ba. Abin da na sani, kafin mu sauka daga gadar, numfashin ya ɗan ƙara zurfi, kuma na ga fatar idonsa ta dama ta motsa ta ɗan ɗaga. Anti ba ta gani ba, idonta a rufe yake.

A asibiti aka karɓe shi da gudu, aka kifa masa abin iska a fuska, aka maƙala masa wani abu a yatsa. Likitar wata mace ce siririya, da alama tun safe ba ta zauna ba. Ta tambaya wa zai ba ta labari. Anti ta juyo ta dube ni. Ranar dai bakin nan nawa da ake zagi ya yi rana. Na kwashe komai na zuba mata, ido, tauna, murya, ruwa ta hanci, barci a zaune. Tana ji tana duba shi, har na zo inda na ce da safe garau yake, da yamma ya lalace, kuma in ya fito daga ɗakin sanyi sai ka rantse ba shi ba ne.

Ta tsaya cak. "Ɗakin sanyi? Maimaita."

Na maimaita. Ta juya ta ce wa nas ta kawo ƙanƙara. Nas ta ce firij ɗinsu ya narke tun da aka ɗauke wuta.

Na ce, "Likita, mota guda muka zo da ita."

Kafin in juya Anti ta fita. Ita da ta yi watanni ko kofin ruwan sanyi ba ta bari ya shiga gidanta, ita ce ta ruga ba takalmi, ta karɓi ƙugiya hannun direba ta fasa dutse. Ta dawo da guntu a cikin mayafinta, yatsanta na jini. Likita ta naɗe guntun a ƙyalle ta ce, "Ke ce matarsa? Riƙe nan, kan idon hagu, shi ya fi faɗuwa. Kar ki ɗaga sai na ce."

Anti ta ɗora. Ruwa na bin kuncinsa yana gangarowa har gwiwar hannunta. Ina jin likitar ta lura Anti na gab da faɗuwa, shi ya sa ta ci gaba da yi mata magana a hankali, idonta na kan na'urar da ke yatsansa.

Ta ce, "Kin ga in mutum zai ɗaga ido, ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarni, ya biyo jijiya. Amma jijiyar ba ta taɓa naman ba, akwai ɗan rata tsakaninsu. Sai ta saki wani sinadari, ɗan aike ne, sunansa asetilkolin. Shi ke tsallakawa ya ƙwanƙwasa ƙofofin naman, naman ya motsa. Abin da nake zargi, garkuwar jikin mijinki ta yi kuskure ta toshe yawancin ƙofofin. Ɗan aiken yana zuwa, wurin shiga ne ya yi kaɗan. In ya huta, saƙon yana isa. In ya yi ta aiki, sai ya kasa. Zafi yana ƙara lalata abin. Sanyi kuma yana sa ɗan aiken ya ɗan daɗe a bakin ƙofa kafin jiki ya share shi."

Na ce, "Numfashin fa?"

"Shi ma nama ne ke ja. Shi ma saƙon yake jira."

Anti ba ta ɗago ba. Can ta ce, da ƙyar ake ji, "Fuska ma?"

Likita ta ce, "Fuska ma. Murmushi ai nama ne ke yin sa. Masu wannan ciwon in sun yi murmushi sai a zaci tsaki suke shirin yi."

Anti ta ce, "To ruwan zafin da nake... da kaskon..."

"Ba ke kika sa masa ciwon ba, kuma ƙanƙara ba ta warkar da shi. Amma zafin ya ƙara masa nauyi, ba zan ɓoye miki ba. Ɗaga yanzu."

Ta ɗaga. Muka zuba ido, ni da ita da likita da nas. Da farko ba komai, fatar na nan a jiƙe a rufe. Sai ta motsa. Ta ɗaga, ta ci gaba da ɗagawa, har idon ya buɗe gaba ɗaya, tar, ɗayan kuwa na nan a rufe. Kuma idon bai nemi kowa ba. Bai dube ni ba, ni da na yi ta haƙilo, bai dubi likita ba. Kan Anti ya tsaya, ya ƙi barin ta. Ta toshe bakinta da hannun nan mai jini.

Ba a jima ba fatar ta sake saukowa. Likita ta ce ta ga abin da take son gani, sauran sai gwajin jini, amma yanzu numfashi ne a gaba. Aka tura shi wani ɗaki da ba a bari mu shiga, aka sa masa na'ura tana ja masa iska. Kwanakin da muka yi a barandar nan ba na son tuna su. Umma ta zo ta zauna a ƙasa, ba ta ci ba ta sha. Duk sanda ƙofa ta buɗe sai zuciyata ta buga kamar za ta fito. Na gaya wa likitar haka, ta ce shi ma wani ɗan aiken ne, na tsoro, kuma irinsu da yawa ne a jiki, akwai mai kawo barci, akwai mai kawo jin daɗi, akwai mai rage zafin ciwo. Na ce to nawa na tsoron ya kamata a ba shi hutu.

Ranar da aka cire masa na'urar ya ja iska da kansa, abin da ya fara cewa da na shiga shi ne, "Wa ya kunna ta?"

Ciwon bai tafi ba, kuma an ce ba ya tafiya, sai dai a zauna da shi. Yana shan ƙwaya a kan lokaci, wadda ke hana jiki saurin share ɗan aiken nan, da wata mai kwantar da garkuwar. Akwai magungunan da aka hana shi har abada, har da irin allurar da aka yi masa a farko. Ba ya jan dutse yanzu, samari ke ja. Shi yana zaune a ɗakin sanyi da ƙugiyarsa, yana ƙwanƙwasawa yana cewa wannan ya nuna, wannan bai nuna ba. Da rana tsaka ba ya fita. Umma da kanta ta sa aka fitar da kaskon daga gidan, ta ba mai shayi.

Ranar da ya koma aiki, Anti ce ta buɗe akwatin. Ta shanya kwat ɗin ta kakkaɓe, ta riƙe masa ya zura hannu, ta ja masa hular har kunne. Da yamma na rufe shago da wuri na riga shi zuwa gidan, ina kicin ina taya ta yanka albasa. Na ji ƙarar takalmin roba a tsakar gida, a hankali, yana ɗan ja. Na san ita ma ta ji, don wuƙar hannunta ta tsaya. Ba ta juya ba.

Ya shigo ya ɗora mata hannun a bayan wuya. Daga inda nake ina ganin tsigar jikinta ta tashi. Na jira ihun, na ma matsar da ludayin kusa da ita.

Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye wuƙar, ta kai hannu ta kama nasa, ta danne shi a wuyanta da ƙarfi, hawaye na sauka kan albasar. Ta ce, "Rediyo, rage wutar nan, ɗakin ya yi masa zafi."